Batir da Sikeli a Tseren Ƙananan Motocin Rimot

A ranar 28 ga watan Yuli na shekarar 2024, a fagen tseren motoci na Spa da ke ƙasar Beljiyam, direban nan na Ingila George Russell shi ne ya fara tsallake layin ƙarshe a gasar Formula 1. Ya hau dandamali ya ɗaga kofi, jama'a suka yi ta tafi. Bayan 'yan sa'o'i sai aka ƙwace nasarar aka ba abokin aikinsa Lewis Hamilton. Dalili kuwa shi ne, da aka tsiyaye man motar aka ɗora ta bisa sikeli, sai aka tarar nauyinta kilo 796 da rabi ne, alhali doka ta ce kada ya gaza kilo 798. Kilo ɗaya da rabi kacal ya raba shi da kofin.

Wannan kilo ɗaya da rabi da ya gagari motar Russell, a wani fagen tseren shi ne nauyin mota sukutum, da injinta da batirinta da tayoyinta. Ana nufin ƙananan motocin nan da ake sarrafawa daga nesa da saƙon rediyo, waɗanda jama'a suka fi sani da motocin rimot. Mai karatu zai iya ɗauka wasan yara ake magana. To a Amurka da Turai da Japan manya ne ke yin sa, suna kashe masa kuɗi masu yawa, kuma akwai waɗanda kamfanoni ke biyan su albashi don su tuƙa. A can ma sikeli na raba mutum da kofi, amma a kan giram biyu ko uku. Galibin jayayyar da ake yi game da waɗannan giram-giram kuwa, idan aka bi diddiginta, a kan batir take tsayawa.

Masu tsara dokokin

Ƙungiyar ROAR, wadda ke kula da wasan a Amurka da Kanada, an kafa ta a 1967. Ta Birtaniya, watau BRCA, ta biyo baya a 1971, ta Turai baki ɗaya, EFRA, a 1973. A shekarar 1979 aka kafa uwar ƙungiya ta duniya, IFMAR, wadda ke shirya gasar cin kofin duniya. Motocin farko da mai suke aiki. Masu batir sun bazu ne bayan da kamfanin Tamiya na Japan ya fito da ƙaramar Porsche 934 a 1976, sa'an nan kamfanin Associated Electrics na Kalifoniya ya fito da RC10 a 1984, motar da ta yi suna ƙwarai a tseren kan turɓaya.

Ana kasa motocin bisa girmansu idan aka gwada da mota ta gaske. Akwai mai kashi ɗaya cikin 12, da mai ɗaya cikin 10, da mai ɗaya cikin 8. Kowane rukuni yana da tsawon lokacin tserensa. Motocin batir masu kashi ɗaya cikin 10 minti 5 suke yi, masu ɗaya cikin 12 kuwa minti 8. Ba a ƙirga nisa. Wanda ya fi yawan zagaye kafin lokaci ya cika shi ya ci. Ya kamata a riƙe waɗannan mintuna a zuci, domin duk tarihin batir a wannan wasa amsa ce ga tambaya guda: yaya za a ƙone dukan abin da batir ya ƙunsa cikin minti 5, ba tare da ya ƙare a minti na huɗu da rabi ba?

Abubuwa uku da ake dubawa

Batirin tsere tarin ƙananan batura ne da aka jera aka haɗa kai da gindi. Kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa ƙwaya, kamar dai yadda ake kiran tubalin ginin jikin mai rai ƙwayar halitta. Abubuwa uku ake dubawa ga kowace ƙwaya, kuma misalin tankin ruwa ya isa ya bayyana su.

Na farko matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Shi ne kamar tsayin da aka ɗora tanki, wanda ke sa ruwa ya fito da ƙarfi. Gudun injin lantarki yana bin matsin nan kusan ƙafa da ƙafa. Na biyu cikin batir, watau yawan abin da yake ɗauka, ana rubuta shi da mAh, kuma shi ne girman tankin. Batir mai 1200 mAh zai iya ba da amfiya 1.2 na tsawon sa'a guda. Na uku, wanda ba a cika rubuta shi a jikin batir ba amma 'yan tsere suka fi damuwa da shi, shi ne turjiyar ciki. Wannan kamar faɗin bututun da ruwan ke fita ne. Tanki na iya zama babba, amma idan bututun siriri ne, da zarar an buɗe famfo duka sai ƙarfin ruwan ya faɗi. Haka batir mai yawan turjiya yake: direba na taka wuta matsin zai sauka, wani ɓangare na makamashin ya zama zafi a cikin batirin kansa maimakon ya kai ga taya.

Jikin ɗan Adam ya san wannan bambanci tsakanin yawan ajiya da saurin fitar da ita. Kitse babban rumbu ne, amma a hankali ake ɗibar sa. Sinadarin fosfokiriyatin da ke cikin tsoka ɗan kaɗan ne, ba ya wuce daƙiƙa 10 na matsanancin aiki, amma nan take yake ba da abin da ke gare shi, shi ya sa mai tseren mita 100 ya dogara da shi. Batirin agogon bango ɗan gidan kitse ne. Batirin tsere kuwa ana so ya haɗa halin duka biyun, abin da ke da wuyar samu.

Zamanin nikel da kadmiyam

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Waldemar Jungner, shi ya ƙirƙiro batirin nikel da kadmiyam a 1899, wanda ake taƙaita sunansa NiCd. Kowace ƙwayarsa bolt 1.2 take bayarwa. Wadda 'yan tsere suka ɗauka ita ce mai faɗin milimita 23 da tsawon milimita 43, ana haɗa shida su ba da bolt 7.2. Wannan jeri na ƙwaya shida shi ya mallaki wasan fiye da shekara 20, kuma shi ya ƙayyade siffar motocin kansu, domin sai an bar masa wuri kafin a san inda za a sa sauran kaya.

A shekarun 1980 ƙwayar da aka fi amfani da ita 1200 mAh take ɗauka. Lissafin a nan mai sauƙi ne amma mai tsanani. Minti 5 kashi ɗaya ne cikin 12 na sa'a, saboda haka direba ba zai iya jan fiye da amfiya 14.4 a matsakaici ba, in ba haka ba batir ya mutu kafin a busa tashi. Da aka sami ƙwaya mai 1700 mAh sai iyakar ta koma kimanin amfiya 20. Ke nan gwanintar wancan zamani ba ta tsaya ga iya shan kwana ba. Sai direba ya zaɓi giyar da ba za ta zuƙe batir ba, ya san inda zai taka wuta da inda zai sassauta. An sha ganin mota ta ba kowa rata har minti na huɗu, sa'an nan ta fara jan ciki kamar kunkuru, waɗanda ta wuce su zo su wuce ta ɗaya bayan ɗaya, mai ita yana tsaye bisa dandamali ba abin da zai iya yi.

Daga nan wata sana'a ta ɓullo, ta tantance ƙwayoyi. Ko daga masana'anta ɗaya suka fito, ƙwayoyi ba sa zama daidai. A jeri kuwa lantarki ɗaya ne ke ratsa su duka, don haka ayarin ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi rauni. Ƙwayar da ta riga ƙarewa ita ke kashe batirin, kuma idan aka ci gaba da ja, sauran biyar ɗin za su tura lantarki ta cikinta a juye su lalata ta. Sai kamfanoni suka riƙa sayen ƙwayoyi dubbai, su caja kowace ɗaya, su sauke ta da amfiya 20 ko 30, su rubuta daƙiƙa nawa ta yi, da matsakaicin matsinta, da turjiyarta, su manna mata takarda. Sai a haɗa shida masu lambobi iri ɗaya. Mafi kyawu daga cikin dubban nan ba sa zuwa kanti. Direbobin kamfani ake ware wa. Abin da ya rage a sayar wa jama'a daraja-daraja, kowa da gwargwadon aljihunsa. A nan ne wasan ya yi rashin adalcin da dokar nauyi ba ta iya gyarawa: motoci biyu na iya yin daidai a kan sikeli har giram na ƙarshe, amma ɗaya ta riga ta ci tun a teburin mai tantance ƙwayoyi.

Kadmiyam yana da wani aibu da ya fi wannan muni. Guba ne da ke taruwa a ƙoda, jiki na ɗaukar shekaru da dama kafin ya fitar da rabinsa, kuma yana raunana ƙashi. A lardin Toyama na Japan, ruwan da ya fito daga wurin haƙar ma'adinai ya gurɓata kogin Jinzu da gonakin shinkafa, mutane, galibinsu mata masu shekaru, suka kamu da ciwon da aka sa wa suna itai-itai saboda kukan zafin da suke yi. Gwamnatin Japan ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi. A 2006 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta taƙaita sayar da ƙananan batura masu kadmiyam.

Kafin wannan doka ma 'yan tsere sun riga sun koma ga batirin NiMH, wanda ya shiga kasuwa wajen 1990 ya kuma iso fagen tsere a ƙarshen shekarun. An bar nikel a wurinsa, an maye gurbin kadmiyam da wani haɗin ƙarafa mai tsotse iskar haidirojin. Matsin bai sake ba, girman ƙwaya bai sake ba, amma cikinta ya tashi daga 3000 mAh har ya haura 4200. Sai dai ƙwayoyin sun ƙara nauyi, jerin shida ya kai wajen giram 420, kuma waɗanda aka matsa wa don tsere ba sa daɗewa. 'Yan makonni kaɗan sun isa su rage kaifinsu. An gudu ba a tsira ba, domin tantancewa da tsadarta suna nan.

Shigowar litiyam

Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta ilmin sinadarai saboda aikin da ya haifar da shi. Nau'in da 'yan tsere ke amfani da shi ana kiran sa LiPo. Maimakon gwangwanin ƙarfe, siraran faifai ne aka jera aka rufe cikin jakar leda mai haɗe da alminiyam. Litiyam shi ne ƙarfe mafi rashin nauyi a duniya, kuma kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.7, ninki uku ke nan na ta nikel. Ƙwaya biyu sun ba da bolt 7.4, sun maye gurbin shida. ROAR ta halatta shi a gasarta wajen 2008, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu cikin ɗan lokaci.

Idan aka ninka matsi da cikin batir za a sami makamashin da ya ƙunsa. Tsohon jeri mai 1200 mAh bai kai wat 9 na sa'a guda ba. Na NiMH mai 4200 ya kai kimanin 30 a nauyin giram 420. LiPo mai 5000 mAh kuwa 37 yake ɗauka a nauyin da bai wuce giram 300 ba, ga kuma turjiyar ciki 'yar kaɗan. Tun daga lokacin mutuwar batir a tsakiyar tseren minti 5 ta zama labari. Da aka haɗa shi da sabon injin lantarki marar gawayi, sai ƙarfi ya yi wa motocin yawa, har masu gudu bisa kwalta suna haura kilomita 100 a sa'a a miƙaƙƙen layi. A rukunin ɗaya cikin 12 an bi ta wata hanyar don rage gudu: daga ƙwaya shida aka koma huɗu, daga bisani ƙwayar LiPo guda ɗaya tak.

Ga wanda ya san jikin dabba, wannan ci gaba abin a yaba ne amma ba abin a yi alfahari ba. Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin wat 10 na sa'a guda. Watau duk abin da wancan batir mai giram 300 ya ƙunsa bai kai na cokalin shayi ɗaya na man gyaɗa ba. Asirin kitse shi ne ba ya ɗaukar abokin ƙonuwarsa, iskar oksijin da dabba ke shaƙa kyauta ita ke ƙarasa aikin, alhali batir dole ya goya dukan sinadaransa a bayansa. Shi ya sa ɗan tsuntsun da bai fi giram 20 ba yake iya tara kitse a bakin Tafkin Cadi ya ƙetare Sahara zuwa Turai, abin da wata na'ura mai batir mai irin girmansa ba za ta kusanta ba.

LiPo bai zo hannu sake ba. Ruwan sinadarin da ke cikinsa mai kama wuta ne. Idan aka caja ƙwaya ta wuce bolt 4.2, litiyam na iya taruwa a matsayin ƙarfe bisa faifan girafait, ya yi tsiro kamar ƙaya ya huda siririn labulen da ya raba ɓangarorin biyu. Haka idan aka huda jakar ko aka murƙushe ta a karo. Da zarar ɓangarorin sun haɗu sai zafi ya tashi, zafin ya ruguza sinadaran, rugujewar ta haifar da ƙarin zafi da iskar da ke ciyar da wutar, har abin ya gagari kashewa. Idan kuma aka zuƙe ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3 sai ta lalace, ta kumbura. Don haka dokokin da aka kafa masa na tsare rai da dukiya ne kafin su zama na adalci. Dole batirin tsere ya kasance cikin akwati mai tauri da masana'anta ta rufe. Dole a caja shi da na'urar da ke lura da kowace ƙwaya daban, kuma cikin jaka mai jure wuta. Ƙungiyoyin suna fitar da jerin baturan da suka gwada suka amince da su, wanda ba ya cikin jerin ba ya shiga babbar gasa. Girman akwatin ma an ƙayyade: na ƙwaya biyu kada ya wuce tsawon milimita 139 da faɗin 47 da kaurin 25.1.

Akwai wata lamba da masu sayarwa ke bugawa da manyan haruffa, irin su 100C ko fiye. Ma'anarta wai batirin zai iya ba da ninki 100 na cikinsa, watau amfiya 500 ga mai 5000 mAh. Wayar da ke jikinsa ma ba za ta jure wannan ba. Babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka yarda da ita wajen auna lambar, saboda haka ta fi kusa da kirarin ɗan kasuwa, kuma gogaggun direbobi turjiyar ciki suke aunawa da kansu.

Me ya sa ake ƙayyade nauyi?

Dokar Newton ta biyu ta nuna cewa idan ƙarfin da ke tura abu bai sake ba, saurin tashinsa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar nauyinsa. Mota marar nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa, ta fi sauƙin juyawa, kuma ba ta cin batir da taya kamar mai nauyi. Giram 30 a motar da ke da giram 1350 ya haura kashi 2 cikin 100. A tseren daƙiƙa 300, inda na ɗaya da na biyu kan rabu da abin da bai kai daƙiƙa guda ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In da ba doka, kowa zai yi ta fafe motarsa. Mai kuɗi zai sayi kusoshin taitaniyam da sassan da aka yi da zaren kabon, marar kuɗi ya kama huda shasi da abin huji har ya raunana shi. Ƙarshenta gasar ta zama ta aljihu, motocin kuma su riƙa tarwatsewa a karon farko. Mafi ƙarancin nauyi shi ke sa wa wannan tsere na biyu birki. Haka ake yi a sukuwar dawaki a Ingila, inda ake auna mahayi da sirdinsa kafin tsere da bayansa, a cusa dalma cikin jakar sirdi idan ya gaza.

A dokokin IFMAR da EFRA, motar turɓaya mai kashi ɗaya cikin 10 da ke ja da taya biyu ta daɗe a kan giram 1474, mai ja da taya huɗu kuwa 1588. Lambobin sun yi kama da waɗanda aka tsinta a hanya, amma idan aka mayar da su ma'aunin Amurka sai su zama oza 52 da oza 56 cif. ROAR ta ɗora giram 25 a kan kowanne, watau 1499 da 1613. Motar ɗaya cikin 12 mai ƙwayar LiPo guda giram 730 ce. Motocin kwalta da kafet masu kashi ɗaya cikin 10 su ne dokarsu ta fi motsi: a zamanin NiMH wajen giram 1500 ne, bayan zuwan LiPo aka riƙa saukowa mataki-mataki zuwa tsakanin 1320 da 1380, dangane da ƙungiya da shekara.

Waɗannan lambobi ba su yi nisa da abin da lissafi ya nuna ba. Idan aka rage tsawon abu sau 10, faɗin fuskarsa zai ragu sau 100, cikinsa da nauyinsa kuwa sau 1000. Motar gaske mai kilo 1300 za ta koma kilo 1.3. Da yake ƙarfin sanda yana bin kaurinta ne, nauyi kuma yana bin cikinta, ƙaramar motar ta fi babbar ƙwari sau 10 idan aka gwada da nauyinta. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1638 yana misali da ƙasusuwan dabbobi. Ita ce ke sa tururuwa ta faɗo daga soro ta ci gaba da tafiya, giwa kuwa ko tsalle ba ta yi. Ita ce kuma ke sa motar rimot ta daki katanga a guje, a ɗaga ta a mayar bisa hanya ta ci gaba da tsere.

Inda ake ajiye nauyin

Da LiPo ya shigo, motocin da aka ƙera don jerin ƙwaya shida suka wayi gari sun gaza nauyin doka da giram 100 ko fiye. Da farko abin ya zama kamar wasa, mutum ya sayi batir marar nauyi da tsada, sa'an nan ya koma yana manna dalma don ya cike gibin. Ba a daɗe ba aka gane cewa kyauta ce doka ta ba masu basira. Doka ta faɗi nawa, amma ba ta faɗi ina ba. Giram 100 da a da yake daskare cikin batir, yanzu ana iya ajiye shi duk inda aka ga dama.

Wuri na farko shi ne ƙasa. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, kuma idan ta shiga kwana nauyin yakan karkata zuwa tayoyin waje gwargwadon tsayin wannan cibiya. Roba kuwa tana da wani hali: idan aka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta ba ya cika ninkawa. Saboda haka tayoyi huɗu masu raba kaya daidai sun fi biyu da aka danne da biyu da suka kusa tashi. A kan kafet mai kama taya sosai, motar da cibiyarta ke sama takan kife a tsakiyar kwana ba tare da ta taɓa komai ba. Shi ya sa ake shimfiɗa farantin tagulla a ƙarƙashin batir, ake kuma ƙera batura masu siririn kauri don su kwanta ƙasa-ƙasa. Inda wuri ya yi ƙunci akan yi amfani da tangistan, wanda kowane santimita murabba'i mai zurfin santimita ɗaya nasa ya kai giram 19.3, alhali dalma 11.3 take, tagulla kuma wajen 8.5.

Sai daidaita hagu da dama. A yawancin motocin kwalta batir na gefe guda, inji da sauran kayan lantarki na ɗaya gefen. Tsohon batir mai giram 420 ya rinjayi gefensa, sabon kuwa wani lokaci shi ake rinjaya. Motar da ba ta daidaita ba takan sha kwanar hagu da wani hali, ta dama da wani, direba ya rasa abin da zai dogara da shi. Masu himma kan ɗora kowace taya bisa nata ƙaramin sikeli, su yi ta matsar da giram biyar-biyar har lambobin su yi daidai.

Gaba da baya shi ne ya fi kawo sauyi. A farkon shekarun 2010 aka fito da gajeren batir mai tsawon kimanin milimita 96 da nauyin wajen giram 200. Cikinsa bai kai na dogon ba, amma ya ishi minti 5, kuma ana iya matsar da shi gaba ko baya cikin shasi. A matsar gaba, mota ta ƙara shiga kwana. A matsar baya, tayoyin baya su ƙara riƙo wajen tashi. Wurin da ya bari shi ya ba masu ƙira damar ɗauke inji daga bayan tayoyin baya su shigo da shi tsakiya, tsarin da ya mamaye motocin taya biyu a filayen kafet da yumɓu mai riƙo. Batir dai ya tashi daga kayan da ake haƙuri da shi ya zama abin saiti. Ba kuma kullum ake neman tsayawa bisa iyakar doka ba. A fili mai santsi ko mai gargada, direbobi da yawa kan ƙara nauyi da gangan don mota ta natsu.

A teburin bincike

A babbar gasa, kafin mota ta shiga fili sai ta bi ta teburin masu bincike. Da farko a sa ma'auni a bakin batir. Manyan ƙungiyoyi sun tsaya a kan bolt 4.20 ga kowace ƙwaya, watau 8.40 ga batir mai biyu. Akwai sabon nau'in da ake kira LiHV wanda masu yin sa suka ce zai jure 4.35, watau 8.70, kuma an yarda a shiga gasa da shi, amma bisa sharaɗin kada a caja shi ya wuce 8.40. Bambancin ya kai kashi 3 da rabi cikin 100, kuma a rukunonin da aka tilasta wa kowa inji iri ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya raba gaba da baya a zagayen farko. Akan auna zafin batirin ma, domin ɗumi yana rage turjiyar ciki, kuma an sami masu gasa batir da gangan ko su caja shi da amfiya mai yawa don ya yi zafi. Wasu ƙungiyoyi sun haramta ɗumama shi, wasu sun ƙayyade amfiyar caji.

Sa'an nan sikeli. Ana auna mota a shirye tsaf, da gangar jikinta da batirinta da 'yar na'urar da ke ƙirga mata zagaye, kuma dole ta cika nauyin doka a kowane lokaci, har bayan an tashi. A nan ne giram biyu ke kayar da mutum. Taya na cinyewa a minti 5, musamman ta soso da motocin ɗaya cikin 12 ke sawa. Guntun dalmar da aka manna na iya ɓallewa a karo. Wani ya canza gangar jiki zuwa marar kauri ya manta bai sake awo ba, wani kuma sikelinsa na gida ya saɓa wa na gasa, alhali na gasa kaɗai ake karɓa. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne a soke sakamakon wannan zagaye, ko da shi ne mafi kyawu da direban ya yi a ranar. Don haka da safe, kafin a fara komai, akan ga direbobi sun yi layi da motocinsu a gaban sikelin gasa, kowa ya gwada tasa, ya koma tebur ya ƙara giram uku zuwa biyar a kan abin da doka ta nema.